Filin Tambaya da Amsa: Ina Za Mu Kai Ziyara a Jihar Arizona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma babban ɗana yana karatu a jami'ar da ke garin Tempe, cikin jihar Arizona ta Amurka. Zai kammala a watan Mayu, ni da mahaifiyarsa za mu halarci bikin yaye su in Allah Ya yarda, muna kuma da kwana biyar bayan bikin. Yaron ya dage sai ya kai mu wani rami da ake kira Grand Canyon. Shin rami ya isa a yi masa doguwar tafiya? An ce jihar hamada ce mai zafi, amma ina ganin wanda ya sha ranar Kano a watan Afrilu babu zafin da zai firgita shi. Daga Alhaji Garba, Fagge, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya sanya albarka a karatun yaro, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.

Yaronka yana da gaskiya, sai dai kalmar rami ta rage wa wurin daraja. Grand Canyon kwazazzabo ne da Kogin Kolorado ya sassaƙa a cikin duwatsu tsawon miliyoyin shekaru, tsawonsa ya kai kilomita 446, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, faɗinsa kuwa a wasu wurare yana kaiwa kilomita 29. Gwamnatin Amurka ta mayar da shi gandun shaƙatawa na ƙasa a 1919, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Mu da muka saba hawa Dala ko Goron Dutse mu hango gari a ƙasa, a can abin juyawa yake yi, domin mutum yana tafiya a fili cikin itatuwa, ba tare da wata alama ba, sai kawai ƙasa ta ƙare a gabansa, ya ga duwatsu jajaye da rawaya da masu ruwan toka jere hawa-hawa a ƙarƙashin ƙafarsa, kogin da ya yi wannan aiki kuma yana can ƙasa kamar zare.

Daga Tempe zuwa bakin kudu na kwazazzabon, wanda shi ne a buɗe duk shekara, tafiyar kusan awa huɗu ce a mota. Shawarata ita ce kada ku yi zuwa da dawowa a yini guda, kamar yadda baƙi da yawa suke yi, su isa da tsakar rana lokacin da haske ya dushe launin duwatsun, su ɗauki hoto su juya. Ku kama masauki tun da wuri ku kwana, bayan sallar asuba ku fita zuwa wurin tsayawar da ake kira Mather Point. Da farko ba za ku ga komai ba sai duhu mai shuɗi, sannan rana ta fara taɓa kawunan duwatsun ɗaya bayan ɗaya, hasken yana gangarawa sannu a hankali har ya isa ƙasa. Akwai motocin bas na kyauta da ke zagayawa tsakanin wuraren kallo, saboda haka Hajiya ba za ta wahala da tafiyar ƙasa ba.

A kan batun zafi kuwa, ranka ya daɗe, a nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Gaskiya ne birnin Phoenix da kewayensa, har da Tempe, suna cikin hamada, kuma a watannin Yuni da Yuli zafinsu kan haura digiri 43, wanda ko Bakano ba zai raina ba. To amma abin da zai ba ka mamaki shi ne sanyi. Bakin kudu na Grand Canyon yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 2,100 daga matakin teku, ya fi tudun Jos nesa ba kusa ba, don haka a watan Mayu asubahinsa kan yi sanyin da ya fi na tsakiyar hunturunmu. Ku sa rigunan sanyi a cikin kaya, babbar riga kaɗai ba za ta wadatar ba. Haka nan iskar tudu ba ta da kauri, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya kamata ya ga likitansa kafin tafiya, kuma ya riƙa tafiya a hankali.

Idan yaron ya ja ku zuwa hanyar gangarawa mai suna Bright Angel, ku ɗan taɓa kaɗan ku dawo. Saukar tana da daɗi har ta ruɗi mutum, amma hawowa kan ci ninki biyu na lokacin da aka yi ana sauka, ga shi kuma duk ƙasan da aka yi zafi ƙaruwa yake yi. Hukumar gandun da kanta tana gargaɗin kada kowa ya gangara har kogi ya dawo a rana ɗaya. Ku riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa mai gishiri. Kuregun wurin ma ba su da kunya, sun saba da mutane har suna hawa jaka, kuma suna cizo, sannan doka ta hana ba su abinci.

A hanyar dawowa ku biyo ta Sedona, garin da jajayen duwatsu suka kewaye, rabin yini ya ishe shi. Idan da sauran ƙarfi, arewa kusa da garin Page akwai Antelope Canyon, wani tsukakken lungu cikin dutse wanda ruwa ya goge bangonsa ya yi santsi kamar tukwanen da aka lailaye. Yana cikin ƙasar ƙabilar Navajo, ba a shiga sai da ɗan jagora daga cikinsu, kuma sai an biya an kama gurbi tun kafin ranar. Tsaurin yana da dalili, domin a watan Agustan 1997 ambaliya ta rutsa da masu yawon buɗe ido a ciki, mutum 11 suka rasu, alhali ruwan a wani wuri mai nisa aka yi shi. Gadar gilashin nan da ake yawan gani a hotuna, wadda aka buɗe a 2007, tana can yammacin Grand Canyon a ƙasar ƙabilar Hualapai, ta fi kusa da Las Vegas, kuma a kwana biyar ban ga dalilin da zai sa ku karkata zuwa gare ta ba.

Ba ka tambayi sha'anin ibada da abinci ba, amma na san Hajiya za ta tambaya. A Tempe akwai masallacin Juma'a kusa da jami'ar, da shagunan da ke sayar da naman halal, sai dai da zarar kun nufi arewa waɗannan za su yi wuya, saboda haka ku yi guzuri daga can, a gidajen abinci kuma ku tsaya kan kifi da ƙwai da kayan lambu. Alƙibla a Arizona arewa maso gabas take, kada sabo ya sa ku fuskanci gabas kai tsaye kamar a gida. Agogon Kano yana gaban na Phoenix da awa 8, don haka idan za ka kira yaran shago ka ji yadda ciniki yake, lokacin da ka idar da sallar asuba a can su azahar ta yi musu a Kwari.