Ɗan Zango da Ƙofar Banki

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayoyin da ka jero bayan ka ji na ambaci Alhassan Andani, tsohon shugaban bankin Stanbic na Gana, na ce "namu". Ka ce shin Bahaushe ne? Ka kuma ce me ya sa mu da muka fi shekara ɗari muna juya kuɗi a Kumasi ba a cika jin sunanmu a manyan kujerun banki ba? Tunda kai ma'aikacin banki ne a Kano, na san ba don raini ka yi tambayar ba, don haka bari in warware maka.

Andani ba Bahaushe ba ne, mutumin Dagomba ne daga arewacin Gana. Amma a nan zama ɗan Zango ba maganar ƙabila ba ce. A layinmu na Aboabo akwai Hausawa, akwai Mosi, Wangara, Zabarmawa, Kotokoli da Dagomba. Masallaci ɗaya, maƙabarta ɗaya, Hausa kuma ita ce bakin kasuwa, wannan Hausar tamu da ba ta raba "ya zo" da "ta zo". In mutumin arewa mai salla ya hau wani matsayi, mutanen kudu kallo ɗaya suke yi mana da shi, mu ma sai mu ji kamar ɗan gidanmu ne ya hau.

Shi wannan bawan Allah ilimin noma ya fara karantawa a Jami'ar Gana da ke Legon, daga baya ya je Milan ta ƙasar Italiya ya karanta harkar banki. Ya yi aiki a Standard Chartered, ya yi a Barclays har ya kai sahun shugabanni. A 2006 aka ba shi ragamar Stanbic na Gana, reshen Standard Bank na Afirka ta Kudu. Ƙaramin banki ne a lokacin, da ya bar kujerar a 2020 kuwa yana cikin manya. Ya shugabanci ƙungiyar bankunan ƙasar, kuma bayan ya sauka ya kafa kamfaninsa na ba da shawara da zuba jari, LVSafrica. Yana riƙe da sarautar Pishigu a ƙasar Dagomba. Wannan haɗin ne ya fi taɓa dattawanmu: mutum ya yi shekara 14 yana jan banki, kuma ana ganinsa da batakari, rigar saƙin nan ta arewacin Gana, a kan fatar sarauta, bai yar da gida ba.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi. Gaskiyar magana, kakanninmu suna da bankinsu tun kafin Bature ya gina nasa. Sunansa maigida.

Mahaifina maigidan goro ne. Baƙo zai sauka daga Kano ko Sakkwato ko Nijar, ya kawo shanu ko kuɗi, mahaifina ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. In mahauci ya ɗauki sa bai biya ba, maigida ne zai biya daga aljihunsa. In baƙo zai koma, sai ya bar sauran kuɗinsa a ajiye har wata shekara. Ina iya tuna akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, kowane ƙullin kuɗi da ƙyallensa daban, a jiki an liƙa 'yar takarda da sunan mai shi da ajami. Ba sa hannu, ba ruwa, ba jingina. Abin da ke tsare kuɗin shi ne sunan maigida, domin ranar da aka ce ya ci amanar baƙo, labarin zai riga shi isa Kano. Ku ma kun ci moriyar wannan hanya. Alhassan Ɗantata ya yi fataucin goro ta nan ƙasar kafin ya zama Ɗantatan da kuka sani, wanda ake ba da labarin ya kai raƙuma ashirin na kuɗin azurfa banki a Kano a 1929.

To me ya hana mu bin sawunsa zuwa banki? Abin da idonmu ya gani ne.

A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Mutanen da aka haifa a nan suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka hau manyan motoci. Waɗanda suka saura suka ɗauki darasi cewa dukiyar da za ka iya ɗaurawa a ƙugu ita ce taka. A watan Maris na 1979 aka canja kuɗi. Wanda ya kawo har sidi 5,000 (sidi shi ne kuɗin Gana) a hannu an ba shi bakwai a kan kowane goma, abin da ya haura haka kuma rabi. Mai ajiya a gida ya sha kashi. Wasu suka ce to, bari mu gwada banki. Sai ga 1982, gwamnatin Rawlings ta janye takardar sidi 50, aka kuma rufe asusun da ya wuce sidi 50,000 har sai mai shi ya yi bayanin inda ya samu. Gaba kura, baya sayaki.

Ina da shekara goma sha biyu na raka mahaifina layin banki da takardun sidi 50 ɗin nan a cikin jakar fata. Rabin kuɗin ba nasa ba ne, na baƙi ne. Tun bayan asuba muke tsaye har rana ta take, aka ƙirga, aka miƙo masa 'yar takarda. A hanyar gida bai ce uffan ba. Shekarar da ta biyo tsadar kaya ta ninka har ta wuce, takardar nan ta zama abin ajiya kawai. Ya sayar da filinsa ya biya baƙinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma har Allah ya karɓi ransa bai sake taka ƙofar banki ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Akwai kuma namu laifin, ba zan ɓoye maka ba. Makarantun boko na farko a nan na mishan ne, iyayenmu suka ji tsoron kada yara su bar addini, suka tsaya a makarantar allo da kasuwa. Na fahimci tsoronsu, amma mun yi jinkiri ƙwarai. Yaron da ke zaune a unguwar Alabar ta nan Kumasi yana canjin dala da sefa da naira a ka, ba tare da ya taɓa biro ba, ya fi wasu masu digiri sanin kuɗi. Sai dai ba a ba mutum kujerar da Andani ya zauna sai da takarda. Ga kuma maganar riba. Ku kun samu Jaiz, bankin Musulunci, tun 2012, mai gudun ruwa ya san inda zai nufa. Mu kuwa shekara da shekaru malamai suna wa'azi a kan riba, mutum ya fito daga masallaci bai ga wata ƙofar da zai shiga ba. Shi ya sa adashi, wanda a nan muke cewa susu, bai taɓa mutuwa ba. Har gobe mai susu yana zagaya rumfunan mata kullum da katinsa, a ƙarshen wata ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa.

Tsoron bai gama fita ba aka sake fama mana shi. A 2017 bankuna biyu suka rushe, a 2018 aka haɗe wasu biyar aka yi Consolidated Bank, a 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347. Mata da yawa a Zango kuɗinsu ya maƙale. A waɗannan shekarun na ji tsofaffi suna tambaya, "Bankin da ɗan arewan nan yake riƙe, shi yana nan?" Yana nan. Ka lura da tambayar: ba ginin suke tambaya ba, mutumin suke tambaya, kamar yadda a da baƙo yake tambayar gidan wane maigida zai sauka.

Yanzu abubuwa suna sauyawa. Kuɗin waya, MoMo, ya shiga kowane lungu, har mai waina tana karɓa. 'Yata ta biyu tana karatun lissafin kuɗi a jami'a nan Kumasi. Ranar da ta gaya wa kakarta tana son aikin banki, tsohuwa ta yi shiru, can ta ce, "To, ki riƙe kuɗin mutane yadda kakanki ya riƙe." Ta shiga ɗaka ta ɗauko mata takardar nan ta 1982, da har yanzu take naɗe a cikin akwatin ƙarfe.

In Allah ya kawo ka Kumasi bayan Salla, zan nuna maka ita, sannan mu leƙa Alabar ka ga yadda ake canji. Ka gaida Hajiya da yara.