Ku Tambayi Anti: Ruwa na tafe, maigida ya ce mu baƙi ne

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni dai matar aure ce da yara uku, daga Katsina aka kawo ni, maigidana yana harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12 a nan Legas, muna haya a Agiliti a ɗakin ƙasa, irin gidan nan da ɗakuna ke kallon juna sai dai namu akwai bene a sama. Anti duk shekara sai ruwa ya shigo mana, bara har katifa da buhun shinkafa muka rasa, abin da ya fi ɗaure min kai ma ranar da ya shigo ko hadari babu a gari, rana ƙwal. To yanzu 'yan unguwa sun ce kowa ya kawo kuɗi za a yashe kwata a sayi yashi a ɗura a buhuna, maigidan ya ce shi ba zai bayar ba wai mu baƙi ne neman kuɗi ya kawo mu ba gado muka zo ci ba, kuma wai cinye kuɗin za su yi, ko taronsu ba ya zuwa ya ce da Yarbanci suke yi. Sannan akwai wata tsohuwa Bayarabiya Kirista a saman benen, ta ce min in ruwa ya taso in hauro mata da yaran da kayana, ni kuma ina jin nauyi don gaisuwa ce kawai tsakaninmu kuma ina tunanin abin da za ta ba yaran su ci. Don Allah ki ba ni shawara, ba na so in saɓa wa mijina kuma ba na so in sake kwana a tsaye da goyo.

Maman yara uku, Agiliti

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar muku da alherin abin da kuka rasa. Bari in fara da ruwan nan da ya ɗaure miki kai, don ba aljanu ba ne. Unguwarku tana kan hanyar Kogin Ogun ne, shi kuma kogin daga can sama yake gangarowa ta Abeokuta ya biyo ta Kara da Isheri ya zo ya faɗa babban tafkin Legas ta wajenku. Kusa da Abeokuta akwai dam ɗin Oyan, in ya cika dole masu kula da shi su rage ruwa don in suka bari ya fashe abin da zai faru ya fi ƙarfin a faɗa, to wannan ruwan da aka saki shi ne yake iske ku rana tsaka, yawanci wajen Satumba da Oktoba lokacin da damina ta dawo bayan ɗan sararawar da take yi a Agusta. Ga shi kuma garin kansa a ƙasa yake kusan daidai da teku, in tafkin ya cika ya tumbatsa kwata ba ta samun inda za ta zubar, sai ruwan ya tsaya ko ma ya dawo baya. Agiliti, Owode Onirin, Ajegunle ta hanyar Ikorodu, Isheri, duk shekara suna cikin wuraren da gwamnatin jiha ke kira da suna tana cewa a yi hattara. A 2010 sai da aka kwashe mutanen yankin Ajegunle ɗin nan zuwa sansanin agaji da ke Agbowa.

Kin ga kenan maigidanki yana da 'yar gaskiya ko da bai san ta nan take ba, yashe kwata ba zai tare kogi ba, kuma manyan magudanai aikin gwamnati ne ba na ɗan haya ba. Amma ruwan sama na yau da kullum kwatar ce ke ɗauke shi, kuma ko na kogin ne in ya tashi janyewa, layin da kwatarsa ke a buɗe shi ke fara bushewa, na wasu kuma ya kwanta ya yi kore ya tara sauro.

Inda ban yarda da shi ba sam shi ne maganar nan ta mu baƙi ne. Haba. Mutum ya yi aure ya ajiye iyali ya haifi 'ya'ya a gari, yana biyan haya yana biyan kuɗin wuta, sai in an zo kuɗin unguwa ya tuna shi ɗan ci-rani ne? Wannan maganar ta daɗe tana cutar mu a garin nan. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege, akwai jikokin da ko hanyar garin kakansu ba su sani ba, amma har yau za ka ji babban mutum da furfura yana cewa ai mu tafiya za mu yi. To kafin a tafin fa, ina za a kwana? Na san akwai tabo a zukatan mutanen yankinku tun rikicin ƙabilanci na Mile 12 a 2016, ba na raina wannan, sai dai ki lura da abu ɗaya, ranar da ruwa ya shigo ƙarfe biyu na dare ba 'yan garinku na Katsina ne za su buga miki ƙofa ba, ba ma 'yan'uwan da ke Agege ko Idi-Araba ba, don hanya ta yanke, wanda ke bango ɗaya da ke shi ne zai ji kukan yaronki. Kuma 'yan ƙungiyar unguwa, wadda suke kira CDA, su ne suka san gida kaza akwai mai jego, gida kaza akwai tsoho da ba ya iya tafiya, su ne in jami'an agaji sun zo ake tambaya a rubuta sunaye. Wanda bai taɓa leƙa taro ba bai taɓa ba da ko sisi ba, wa zai tuna da shi a wannan rububin?

Yadda za ki ɓullo wa maigidan, kar ki tare shi da gardama yana dawowa daga kasuwa a gajiye, ki bari ya ci ya huta sannan ki yi masa lissafi irin nasu na 'yan kasuwa, nawa katifa take yanzu, nawa buhun shinkafa, nawa kuma ake nema a wajensa. In tsoron cinye kuɗi yake yi, kuma ba ƙarya ba ne ana ci a wasu wuraren, ya ce a ba shi rasit, ko ya ce shi ba zai ba da tsaba ba zai sayo buhunan da kansa ko ya kawo samari biyu daga kasuwa da cebur ranar aikin, ai mu muka san aikin gayya tun a gida. Batun yare kuwa ba hujja ba ce, akwai yaranmu haifaffun nan da suka fi wasu Yarbawan jin Yarbanci, kuma in ya ɗaga hannu ya ce a yi da Turancin buroka za a yi. Abin da ya fi ma, Hausawan layin su haɗu su wakilta mutum ɗaya mai baki ya riƙa zama musu, a sanar da Sarkin Hausawan yankin da limamin masallacinku don abin ya yi nauyi. Ya kuma tambayi mai gidan da kuke haya nawa ne kasonsa, don gininsa ne ruwan ke ci.

Sai tsohuwar nan ta sama. Ƙanwata, matar da ta ce ki hauro da yara uku da kaya cikin ɗakinta a garin da mutane ke faɗa kan wajen shanya, wallahi ba ƙaramar mutuniyar kirki ba ce, kar ki watsa mata ƙasa a ido. Kin san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a sa shi cikin magada, kuma malamai sun ce maƙwabcin da ba Musulmi ba ma yana da haƙƙin maƙwabtaka. Nauyin da kike ji na rashin sabo ne, maganinsa kuma tun yanzu ake yi ba ranar da ruwa ya kai gwiwa ba. Ki faɗa wa maigidan ya sani, ki yi waina ko dambu ki zuba a kwano mai kyau ki hau da kanki da yaran, ki ɗan rusuna ki ce mata Mama, su Yarbawa ba abin da suke so irin a girmama babba. Ki bar yaran su saba da ɗakin da fuskarta, don yaron da aka tasa daga barci cikin duhu aka miƙa wa baƙuwar fuska ihu zai yi ta yi. Zancen abinci kuwa mai sauƙi ne, ki haɗa naku a roba mai murfi, garin kwaki da sukari da ƙuli da kayan shayi, ki ce mata yaran sun saba da wannan, kuma in kin faɗa mata a hankali abin da ba ku ci ba za ta ji haushi ba, da wuya ka samu gidan Bayarabe da babu Musulmi a dangi.

Tun wannan satin ki kai mata ajiyar jakar bakko ɗaya, takardun haihuwar yara da katin rigakafi da katin ɗan ƙasa a ƙulle cikin leda, kayan sawa kala bibbiyu, tocila, maganin da wani ke sha. Gado da buhun abinci a ɗora kan bulo. In ruwa ya fara shigowa abu na farko a kashe wuta daga mita kafin ya kai soket, kar a ce ai babu nefa, ana iya kawowa kowane lokaci. Lambar gaggawa a Legas 767 ko 112, kira kyauta ne, ki sa a wayarki da tasa. Bayan ruwa ya janye kuma kar a sha na rijiya ko burtsatse sai an tafasa don masai da sokawe duk sun haɗe da shi, kin dai tuna yadda amai da gudawa ya ɓarke a garin nan a watan Yunin 2024. In kuma Allah ya hore ku fara tarin kuɗin ɗakin sama ko wata unguwa mai tudu, na san da kuɗin shekara da na ejan da na agirimen abin ba wasa ba ne, amma ɗakin ƙasa a Agiliti arharsa ta ƙarya ce.

Tambaya: Salam Hajiya, ni ɗan tireda ne a Idi-Araba a shago nake kwana, an turo mana odiyo a guruf ɗin 'yan garinmu wai Kamaru za ta buɗe dam ruwa zai cinye Legas kowa ya gudu gida, wasu har sun fara neman mota, gaskiya ne ko in zauna?

Ɗanki, Idi-Araba

Amsa: Zauna ɗana ka ci gaba da cinikinka. Dam ɗin Kamaru da ake magana Lagdo ne, ruwansa Kogin Binuwai yake bi, Yola, Makurɗi, ya haɗu da Neja a Lakwaja ya gangara Anambra da Delta da Bayelsa, su ne suka sha wuya a 2012 da 2022, bai da hanyar da zai biyo ya zo Legas. Hasali ma wanda ya hau mota don gudun wannan ruwan in ta Lakwaja za su bi, to wajensa ya nufa. Ku abin da ke damunku a Idi-Araba da Mushin ruwan sama ne da toshewar magudana. Odiyon da babu sunan mai magana babu kwanan wata, ana ta cewa a tura wa kowa don Allah, kar ka ƙara tura shi gaba, ka duba sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ko hukumar agajin gaggawa ta jihar Legas, LASEMA, ko ka kunna rediyo. Abin da nake so ka yi, tun da a shago kake kwana, masu gadin layin da maƙwabtan shagonka su san akwai mutum a ciki da dare, su riƙe lambarka, kuma ka daina sa wani ya kulle ka ta waje da kwaɗo, na san kuna yin haka saboda ɓarayi amma ranar da ruwa ko wuta ta tashi fa? Katan ɗin taliya da madara da omo kuma su koma kanta ta sama.

Tambaya: Anti barka da aiki, wata 'yar'uwarmu ce Bahaushiya a gidanmu da zarar an fara ruwa sai ta kwaso shararta ta juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita, maƙwabta sun fara cewa Hausawa ƙazamai ne abin yana min ciwo, in na yi magana kuma ta girme ni za a ce na yi rashin kunya.

Amarya, Agege

Amsa: Amarya ai ba ita kaɗai ba ce, wannan ɗabi'ar babu ƙabilar da ba ta yi a garin nan, ki leƙa kowace kwata bayan ruwa ki ga ledar fiyawata da robar lemo da farar robar nan ta zuba abinci da gwamnati ta hana tun Janairun 2024, amma dai namu ya fi mana ciwo don mu ake yi wa kuɗin goro. Sharar ba ta zuwa ko'ina, kwalbatin ƙarshen layi take tsayawa ta toshe, ruwan ya juyo ya shiga ɗakin wanda ya fi kowa ƙasa, wataƙila ma nata. Tun da ta girme ki kar ki yi mata a tsakar gida gaban mutane, ki shiga ɗakinta ki gaishe ta ki ce Yaya na ji ana zaginmu a waje a kan shara kuma an ce masu duba-gari na iya zuwa su ci gidan tara, ki sa kanki a ciki kamar laifin na kowa ne. Sau da yawa kuɗin masu kwasar shara ne mutum ke gudu, to ku matan gidan ku haɗa ku sayi durom ɗaya mai murfi ku riƙa raba kuɗin motar shara a wata, in ta ga kason nata bai taka kara ya karya ba za ta shigo. In ta ƙi ji sai ki gaya wa maigidanki ya samu nata mijin a masallaci bayan sallar isha'i.