Ƙoƙon da ke cikin adakata

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Wai malaminku na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya ce ki rubuta zancen zucin uwar da ɗanta ya rasu, shi ne kike tambayata me ya hana matanmu kukan ɗan fari, kuma me suke faɗa a ransu. Na yi murmushi, daga baya jikina ya yi sanyi. Ke da ko goyo ba ki taɓa yi ba?

A 1984, shekarar yunwar da muke kira El Buhari, ina budurwa a unguwar Bagalam ta Maraɗi wajen yayarmu, babbar goggonki. Ƙyanda ta faɗa wa yaran unguwa, dama ba a ƙoshe suke ba, ta tafi da ɗan farinta mai shekara huɗu. Tun haihuwarsa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "yaron nan". Ko faɗuwa ya yi a gaban mutane, ni ke ɗaga shi.

Maza suka kai shi kushewa bayan azahar. Kwana uku tana zaune a tabarma, mata na shigowa: "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." Ta ce amin, ido a bushe. Har na ji wata tana raɗa wai zuciyarta dutse ce.

Dare na huɗu na farka ban gan ta ba. Na iske ta bayan madafa a durƙushe. Ta dama ƴar fura a ƙoƙonsa, wanda bakinsa ya tsage aka ɗinke, a lokacin da tiyar hatsi ke gagarar magidanci. Ta riƙe shi hannu biyu tana kiran sunan yaron a hankali, sau uku, yadda ake kiran yaro daga wasa. Sai ta ce, "Sha mana." Da ta gan ni ta goge fuska da bakin zane, ta miƙo mini ƙoƙon: "Shanye, kada ta lalace." Har ta koma ga Allah ba mu taɓa tada zancen ba, kuma har gobe ina cizon yatsa da ban zauna kusa da ita a daren nan ba.

Inna takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Baba kuwa cewa yake hawaye ba haramun ba ne, Annabi (SAW) ya zubar da su ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Kururuwa da yaga tufa aka hana. Kunyar ɗan fari ce ta zo ta hau kai.

Ku kuma yanzu, ba a gama yi wa gawa wanka ba hotonta ya hau WhatsApp, har a haska wa uwa waya a fuska. Wannan yana ci mini rai.

In za ki rubuta, kada ki cika mata baki da dogon bayani. Ni dai suna na ji, da kalma biyu. In kin samu hutu ki zo gida, ƙoƙon yana nan cikin adakata.