Jakar iska ga mai nutso da silinda ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka sayi babbar jakar iska ta baya, wadda mai nutso ke goyawa don daidaita nauyinsa a cikin ruwa, mai ɗaga kilo 25, alhali da silinda ɗaya kake nutso a dam ɗin Dadin Kowa. Don Allah kada ka saya. Don silinda biyu aka ɗinka ta. A kan ɗaya sai ta naɗe gefe da gefe, iska ta maƙale, ka kasa sakinta lokacin tasowa, ta ja ka sama da sauri, kuma tasowa da sauri haɗari ne ga huhu. Nemi mai ɗaga kilo 13 zuwa 14, mai siffar zobe, wadda iska ke zagayawa a cikinta. Ruwanmu da ɗumi, rigar roba marar kauri kake sawa, wannan ta ishe ka. Kafin ka biya, hura ta tam, ka bari ta kwana, ka ga ko ta sace.