Amsa ga ɗan'uwan da ke shirin ajiye aikin ɗan sanda a Amurka

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka shekara 11 kana aikin ɗan sanda, za ka ajiye, kana tambaya ko doka ta yarda ka ci gaba da yawo da bindiga har zuwa wata jiha, tunda akwai waɗanda ka kama da ba su manta da kai ba. Wallahi na san wannan tsoron, da shi na yi ta kwana.

Dokar LEOSA, wato dokar tarayya da ta ba 'yan sanda da waɗanda suka ajiye aiki damar yawo da bindiga a ɓoye daga jiha zuwa jiha, wadda Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2004, ta shafe ka. Da shekara 15 na aiki ake buƙata, a 2010 aka mayar da ita 10, to ka tsallake. Amma don Allah kada ka miƙa takardar barin aiki sai ka tabbatar babu wani ƙorafi a buɗe a fayil ɗinka. Sharaɗin shi ne ka rabu da ma'aikatarka lafiya, kuma ita ce za ta ba ka katin shaida mai hoto. In babu katin nan, dokar ba ta san da zamanka ba.

Nan aka cuce ni. Akwai wani shugabana da muka daɗe ba ma ga-maciji, tun da na ƙi gyara wani rahoto yadda yake so. Ina dab da fita ya shigar da ƙorafi a kaina, wai na yi wa wani direba magana da gatsali. Ban sani ba sai ranar da na je karɓar kati. Matar da ke kan kanta ta duba kwamfuta, ta ɗago ta dube ni, ta juyo min da allon ba ta ce uffan ba. Shi kuwa yana tsaye bakin ƙofar ofishinsa da kofin shayi, yana kallona. Mutumin da na riƙe wa aikin dare lokacin da matarsa ke asibiti! Na fito na zauna cikin mota, hannuna na rawa, na kasa ko tayar da ita. A makon ne kuma uwar 'ya'yana ta ga wani da na taɓa kamawa yana zagaye shagonta. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan zuciyata tafasa take. Na bar shi da Allah.

Lauyan ƙungiyarmu ta 'yan sanda ne ya yi ta bibiya har aka rufe ƙorafin. Shi ya gaya min cewa a 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar wata tsohuwar 'yar sanda a Florida, ta ce dokar ba ta tilasta wa ma'aikata ba da katin ba. Don haka ka riƙe mutanen ƙungiya da kyau, kuma duk abin da aka yi maka alkawari a rubuta.

Gwajin harbi kowane wata 12 ne, daga aljihunka. Takardar cin gwajin da katin su zauna tare a walat. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa ko'ina za ka shiga: ginin gwamnati, jirgin sama, da duk wurin da mai shi ya hana, babu ruwansu da katinka. Akwai kuma dokar tarayya da ta hana riƙe bindiga cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, shi ya sa da yawanmu muke haɗawa da lasisin bindiga na jiha. Yawan harsashin da magazin (gidan harsashi) ke ci shi ma dokar jiha ce. A Niyok, bayan dokar SAFE ta 2013 da ta tsaurara mallakar bindiga, sai da aka yi gyara na musamman kafin a sassauta wa masu ritaya. New Jersey kuwa sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa jihar ba za ta tilasta wa masu katin LEOSA neman izininta ba. Kafin ka kama hanya, duba dokar kowace jiha da za ka ratsa.

Sai maganar gida. Ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli tun yanzu, kana da yara. Watannin farko na ritaya akwai kaɗaici mai nauyi, barci ma gagara yake. Kada ka zauna kai kaɗai da bindiga da tunani, ka riƙa fita jam'i, ka nemi tsofaffin abokan aiki. In ka ga ana jan ƙafa kan katin, yi min magana ta gefe, in gaya maka takardun da lauyan ya nema a wurina.