Gona ɗaya, ƙasa uku

Ɗana, jiya ka tambaye ni me ya sa a gona ɗaya, da taki ɗaya, masarar tudu ta yi rawaya, ta cikin kwari ta yi shar, ta bakin kwarin kuma ta ƙone kamar an watsa mata ruwan zafi. Ruwa ne ya raba su.

Duk damina yana gangarowa daga jigawa, ya kwashe laka da ruɓaɓɓen ganye ya jibge a kwari. Tudu sai ya koma rairayi mai ɗan tsami, ba ya riƙe komai. Ka zuba yuriya yau, ruwa biyu sun wanke ta. Can gero da gyaɗa ne, taki kuwa kaɗan-kaɗan.

Tsakiyar kwari, ɗauki fartanya ka tona kamu biyu. Sama baƙar laka ce, ƙasanta kuma launin toka da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa. Tsatsar ce kuwa, ta ƙarfen da ke cikin ƙasa, alamar ruwa na daɗewa kwance iska ba ta shiga. Abincin shuka akwai shi jingim, amma saiwar masara shaƙewa take yi. Bana ta tsira ne don ruwan bai kwanta sosai ba. Wurin na shinkafa ne.

Bakin kwarin shi na fi so ka sa wa ido, don nan ne mutane ke asarar kuɗinsu. Da rani ruwan ƙasa yakan tsattsafo sama, rana ta shanye shi, ya bar gishiri da kanwa. Farin ɓawon da ke ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminka ke nan. Ɗan lasa ka ji. A ƙasar Manga, wajen Maine-Soroa a Nijar, irin waɗannan kwarurukan ake haƙar kanwar da ke zuwa kasuwa. Idan pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, ya haura 8.5, ƙasa takan toshe, ruwa ba ya ratsa ta, shuka na cikin danshi tana jin ƙishi. Kada ka kuskura ka zuba toka a nan, ƙara wa Barno dawaki ne. Takin shanu za ka ba ta, da jifsam, wani farin ma'adini mai gyara ƙasa mai kanwa, in ka samu, ka fitar da magudana don ruwan sama ya wanke gishirin.

In za ka kai ƙasa gwaji, leda uku za ka riƙe, kowane wuri da tasa, zurfin santimita 20. Na taɓa haɗa su a leda ɗaya ina yaro, sakamakon ya fito lafiya lau, shekarar kuwa rabin gonar ban cire ko dami ba.