Maigida ya hana bazde, ya kulle ƙwallo: in yi wa yaron a ɓoye?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya haƙuri da mu? Ni matar aure ce a Kano, yarana uku. Babban zai cika shekara 7 a wata mai kamawa, kuma tun yanzu maganar bazde, wato bikin ranar haihuwarsa, ta hana ni sakat.

Makarantar kuɗi yake zuwa. A ajinsu da wuya a yi mako biyu wata uwa ba ta kai kek da lemo da 'yan ledojin alawa da biskit an raba ba. A yanka, a ɗauki hoto, kafin azahar hotuna sun cika guruf ɗin iyaye na WhatsApp. Rannan ya dawo da irin ledar nan, yana cikin cin biskit sai ya ɗago ya ce, "Umma, ni ba ni da ranar da aka haife ni ne?" Wallahi Anti sai da na shige ɗaki na share hawaye.

Na tuntuɓi Abbansu, ya ce ba a gidansa ba, bazde al'adar Nasara ce. Da maganar ta je kunnen Hajiya, surukata, cewa ta yi a zamaninsu ko sunan ɗan fari uwa ba ta iya faɗa, ni kuma har ina neman kunna masa kyandir.

Ga kuma rigimar ƙwallo. Yaron nan ba shi da zance sai na ƙwallo. In bai samu ba, leda yake cusa wa tsumma ya ɗaure ya yi ta bugawa a tsakar gida, takalman ƙannensa su ne raga. Kwanaki ya tsaya a filin unguwa ya makara Islamiyya, malam ya aiko gida. Abbansu ya zane shi, ya ɗauke ƙwallon da kawunsa ya saya masa ya kulle a but ɗin mota, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kullum da safe sai yaron ya je ya shafa bayan motar nan kafin su fita.

Ƙarshen wata zan kwashi adashe. Wata ƙawata ta ce in sa a yi kek a kai makaranta kai tsaye, tunda Abbansu ba ya cikin guruf ɗin ba zai sani ba. Ba na son ɗana ya tashi yana jin shi ne koma-baya a cikin 'yan ajinsu. Anti, in yi?

Uwar yara uku, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yi. Ɗan shekara 7 ba ya riƙe sirrin kek, kafin ya cire takalmin makaranta ƙannensa sun ji, kuma a cikin matan guruf ɗin nan ba za a rasa wadda mijinta ke salla sahu ɗaya da naki ba. Ranar da hoton ya faɗo wayarsa, zancen bazde ya ƙare, an koma na "ashe haka kike yi in na ba da baya". In kuma kika ja kunnen yaron kada ya faɗa, kin koya masa da bakinki cewa akwai abin da ake ɓoye wa uba. Yau kek ne. Nan da shekara takwas ba ki san me zai ɓoye muku ku biyun ba.

Ki sake karanta wasiƙarki. A kan bazde yaron magana ɗaya ya yi, yana yi yana cin biskit. A kan ƙwallo kuwa kullum sai ya shafa mota. Hawayen da kika share naki ne, guruf ɗin nan ne ya zubar miki da su, kuma ban ga laifinki ba, babu uwar da ke son a riƙa ba ɗanta bai taɓa bayarwa ba. Amma kuɗin adashen da kike shirin kashewa amsa ce ga matan ajin, ba ga yaron ba.

Maganar halacci ko haramci ba tawa ba ce. Malamai sun saɓa: wasu na ganin bikin ranar haihuwa bidi'a ne da koyi da waɗanda ba Musulmi ba, wasu na ganin al'ada ce kawai matuƙar ba a haɗa ta da saɓo ba. Mijinki yana da malaman da ya dogara da su, don haka kada ki ɗauko wa'azin wani malami a waya ki kunna masa, sai ya kunna miki uku. Akwai ƙofar da ba zai rufe ba. Shekara 7 tana da matsayi a addini, ita ce shekarar da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a fara umartar yaro da salla. Ki ce masa yaronmu ya kai munzalin salla, ina so kai da kanka ka saya masa 'yar darduma da sabuwar jallabiya, ka riƙe hannunsa zuwa masallacin Juma'a. Ke kuma ki dafa abin da ya fi so, a zuba wa maƙwabta da almajirai. Ki faɗa masa komai a fili, kada ki shigo da bazde ta bayan gida da sunan sadaka, zai gane.

Hajiya ma kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Ki tambaye ta yadda ake yi a da in yaro ya kai izu a makarantar allo. Za ta ba ki labarin waina da gumbar da ake kaiwa a raba wa ɗalibai, ta yiwu ma ta ce ita za ta toya. Ga hanyar da ɗanki zai zama mai rabawa a gaban abokansa, da yardar kowa, kuma a kan abin da ya yi da ƙoƙarinsa. Tambayar da ya yi miki kuwa ki amsa masa. Ki zaunar da shi ki ba shi labarin ranar da aka haife shi, da rana ne ko da dare, wa ya fara ɗaukarsa, wane irin rago aka yanka ran suna. In akwai hotuna ki fito da su. Yara suna son labarin nan fiye da yadda muke zato, sai ya sa ki maimaita har ki gaji.

A kan ƙwallo ina bayan yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. Mu mun same shi a kyauta, a langa da 'yar gala-gala da tsere a dandali. Ɗanki daga mota sai aji, daga aji sai Islamiyya, daga nan sai gaban talabijin a gida mai katanga. Ƙarfin da bai ƙone a fili ba a tsakar gidanki zai ƙone shi. Dukan ɗan shekara 6 a kan makara kuma ba ya sa shi son karatu, tsoron malam kawai yake ƙara masa.

Sai dai Abbansu yana da gaskiyarsa, yaron ya makara, malam ya aiko. Saboda haka kada ki je masa da labarin Ahmed Musa, wai daga Kano Pillars ya kai Turai, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Zai tambaye ki yara nawa ne ke buga ƙwallo a filayen Kano, nawa ne a cikinsu suka zama Ahmed Musa, kuma ba ki da amsa. Ki je masa da sharaɗi. Yawancin Islamiyyu ba sa karatu Alhamis da Juma'a, to ƙwallo ta fito daga but a yammacin kwanakin nan biyu, bayan la'asar, a dawo gida kafin kiran magariba. Ran da ya sake makara, ta koma but na mako guda. Yaro ya san abin da zai rasa, uba kuma makulli na hannunsa. Ki zaɓi lokaci, bayan ya ci abinci ya huta, ba a gaban yara ba, kuma kada kalmar "iyayen wasu" ta fito daga bakinki. Ki ba shi labarin shafa motar kawai. In ya cije, ki turo masa kawun da ya sayi ƙwallon, maza sun fi jin irin wannan daga bakin 'yan uwansu maza.

In an yarda, ki leƙa filin da kanki ko ki sa a duba miki: su wa yake wasa da su, sa'anninsa ne ko samari, akwai fasassun kwalabe, yana bakin titi? Ya sa takalmi, ya tafi da ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. In za ki saya masa sabuwa, ki ce a ba ki lamba 3, ita ce ta ƙananan yara. Lamba 5 ta manya ce, ta yi wa ƙafarsa nauyi.

Sauran kuɗin adashen ki ajiye wa kuɗin makaranta na zango mai zuwa. Ki tuna ƙannensa biyu suna kallo, duk abin da kika yi masa bana sai kin yi musu in lokacinsu ya zo, don haka daidai ruwa daidai tsaki. Guruf ɗin kuma ki kashe masa ƙara, ki riƙa leƙawa da daddare don sanarwar makaranta kawai.

Anti